Ƙullin Gishirin da Na Kai wa Yaya Hajo a Gangara

Tun da na dawo daga Nijar ban samu na zauna a majalisarmu ta bakin masallaci na sha iska ba. Wannan ya ce, "Malam Hamisu, wai da gaske jandarma sun kama ka da hodar iblis?" Wancan ya ce shi ya ji na ɓace har sai da aka yi cigiyata a rediyo. Ba a kama ni ba, ba a kuma yi cigiyata ba. Amma tunda labarin ƙiba yake ƙarawa duk bakin da ya shiga, gara in ba da shi da kaina kowa ya huta.

Ga wanda bai san ni ba, kemistiri na koyar a sakandare nan Katsina har na yi ritaya. Ina da yaya mace, Yaya Hajo, uwa ɗaya uba ɗaya, tana aure a Gangara ta ƙasar Gazawa tun ina firamare. Rabona da ita tun kafin a rufe iyaka, lokacin da sojoji suka karɓi mulki a can. Da aka buɗe kuma sai na tarar kuɗin mota ya tashi saboda cire tallafin mai a nan, na yi ta cewa sai wata mai kamawa. Kwatsam ɗanta Sanusi ya kira ni. Ya ce ƙafafun Inna sun kumbura, kanta na sara, an auna ta an ce jininta ya hau sosai, an hana ta gishiri da kanwa, ta ce ba a haifi mai hana ta ba.

"Kawu, ka zo. Kai ne ɗan boko, kai kaɗai za ta saurara."

Yaya Hajo ba ta taɓa saurarata ba tun da na zo duniya. Amma muryar Sanusi rawa take yi, shi kuwa magidanci ne da ba ya raki. Na ce ina tafe.

Na shiga kemis na sayi gishirin masu hawan jini, wanda aka rage masa sodiyom aka cike gurbin da fotasiyom. Robar ta ƙi shiga jaka, sai maiɗakina ta juye shi a farar leda ta ƙulle, ta jefar da robar da duk rubutun da ke jikinta.

Daga Jibiya zuwa Magama lafiya lau. A Ɗan Isa aka sauke mu, ma'aikacin duwan, wato kwastan ɗinsu, ya buɗe jakata ya ɗago ledar da yatsa biyu.

"Alaji, mi ne ne wanga?"

"Gishiri ne."

Ya dangwala ya ɗanɗana, ya yamutse fuska. "Gishiri da ɗaci?"

Nan ne malantar ta motsa. Maimakon in ce na masu hawan jini ne, sai na gyara tsayuwa na ce, "Ai ba sodiyom kulorayid zalla ba ne, akwai fotasiyom kulorayid a ciki." Ban rufe baki ba ya ja da baya, ya ƙwala wa wani jandarma kira. Fasinjojin motarmu da muka sha hira tun daga Katsina duk suka koma kallon sama kamar ba su taɓa ganina ba.

Aka kai ni buro, wato ofis, wajen babbansu, wani dattijo mai furfura a gashin baki. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Kana nufin na masu tansiyo ne?" Ashe haka suke ce wa hawan jini. Na ce shi ne. Ya lasa, shi ma ya yamutse fuska, sannan ya yi dariya.

"Ku mutanen Najeriya! Kun yanke muna wuta, yanzu kuma kun kawo muna gishiri mai ɗaci."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wutar da aka yanke muku, mu ma ba mu gan ta a gidajenmu ba."

Ya yi dariya har da buga tebur, ya miƙo mini ledata, ya ce in gai da mai jiki. Da na koma mota kowa ya sake sanina.

Shirin da muka yi da Sanusi shi ne in hau motar Cadawa daga Maraɗi, in same shi a kasuwa inda ya kai aya, mu ƙarasa Gangara tare. A tashar Maraɗi na ji wani kamasho yana ta ihu, "Cada! Cada! Saura mutum guda!" Na ce, "Cada?" Ya ce, "Cada, Alaji, shiga." Na shiga.

A gefena akwai wani manomi rungume da rabin buhun takin zamani, irin farin nan da muke ce wa yuriya, su kuma suna cewa ure. Ba mu fita gari ba ya fara yi wa mota bayani. Ya ce wannan ure ɗin da ake sayar musu da tsada, ai daga uraniyom ɗin Arlit ake yin sa. Nasara ya kwashe, ya kai ƙasarsa, ya niƙa, ya yanke wa sunan wutsiya don kada a gane, ya dawo musu da shi a buhu. Mota ta ɗauki salati. Wata mata ta ce shi ya sa in ka riƙe shi a hannu yake sanyi-sanyi.

Na yi niyyar yin shiru, Allah Ya sani. Amma mutum ya yi shekara da shekaru yana gyara wa yara irin wannan, bakinsa ba ya tambayarsa izini. Na ce, "Malam, ba su haɗa komai ba. Yuriya daga iska da iskar gas ake haɗa ta, kuma har a fitsarinka akwai ta. Yuraniyom kuwa ƙarfe ne mai nauyi. Da shi ne a buhun nan, da motar nan ba ta tashi ba."

Manomin ya dube ni sama da ƙasa. "Fitsari? Alaji, daga ina kake?"

"Katsina."

"Shi ya sa."

Sai wani dogon dattijo mai tabarau da ke gaba ya juyo ya ce, "Baƙon nan gaskiya ya faɗa. Azot ce a cikin ure, ba uraniyom." Azot ɗin naitirojin ke nan a wajenmu. Nan take manomin ya sauke murya ya ce, "To, in Mushe ya faɗa." Na zabura. A wajenmu mushe dabba ce da ta mutu ba yanka. Na duba ko dattijon zai yi faɗa, na ga ko a jikinsa. Ashe haka suke kiran malamin lakol, wato makarantar boko, girmamawa ce. Sunansa Mushe Idi, shi ma ya yi ritaya, kuma abin da na koyar shi ya koyar, sai dai su shimi suke cewa. Muka rungumi juna da baki ta saman kujera. Ni in faɗi sunan sinadari da Turancin Ingila, shi ya faɗa da Faransanci, mu haɗu a alamarsa. Manomin ya saurare mu can ya yanke hukunci: ko ure ko uraniyom, duk dai nasu ne, kuma an cuce su. A kan wannan babu wanda ya yi masa musu.

Hira ta yi daɗi har ban lura rana tana gabanmu ba, alhali mai zuwa Cadawa da yamma a bayansa ya kamata ta kasance. Sai wayar Sanusi ta shigo.

"Kawu, kuna ina?"

"Mun kusa Cada..."

Direba ya ƙarasa mini: "...kori."

Na ce me? Ya ce Cadakori, ƙasar Gidan Rumji. Cadawa tana can gabas, mun ba ta baya tun daga tasha. Mota ta fashe da dariya, manomin ya fi kowa. Ya ce, "Mai ilimin fitsari bai san gabas ba." Da muka isa, motocin komawa Maraɗi sun riga sun tashi, sai Mushe Idi ya ɗauki jakata ya ce gidansa za ni, ba shawara yake ba ni ba.

Ya sauke ni a ɗakin baƙi mai tsabta, da katifa da gidan sauro. Bayan magariba matarsa Ramatu ta kawo tuwon gero miyar kuka da kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Zogalen nan ya fi namu yawa a kwano, su abinci suka ɗauke shi, ba abin taɓawa ba. Muna ci Mushe yana wa'azi. Ya ce shi a gidansa an daɗe da samun 'yancin kai: ya kori dunƙulen miya na kanti, ɗan mulkin mallaka, ya dawo da daddawa kan kujerarta. Ya ce ƙasar da ba ta mallaki tukunyarta ba, ba ta mallaki komai ba.

Na ce, "Mushe, ai ka san abin da ke ba daddawa daɗi shi ne dai ke ba dunƙule. Gulutamet ne duka."

"Na sani. Amma ɗaya ɗan ƙasa ne, ɗaya baƙo."

Ramatu ta dawo ɗaukar kwano, ta tsaya ta ce, "Malam, ka ji daɗin miyar?" Na ce ƙwarai. Ta ce, "To ɗan ƙasa da baƙo duk suna ciki. Gwamnatin haɗin gwiwa ce." Ta wuce abinta. Mushe ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce wannan maganar cikin gida ce, kada ta tsallaka iyaka.

Daga nan aka fito ƙofar gida, wurin zaman da muke ce wa majalisa su kuma fada, aka ɗora shayi a kan gawayi. Ba irin namu na mai shayi da madara da burodi ba ne. Ɗan mitsitsin kofi ne, baƙi ƙirin, a tafasa a juye a sake tafasawa, sukari kuwa kamar da gayya ake zuba shi. Na ce masa shayi a kan abinci yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe da ke cikin zogalen da muka ci. Ya ce, "Tanin. Na koyar da shi har na gaji." Ya miƙo mini kofi. Na ce sukarin da ganyen shayin fa, 'yan ƙasa ne? Ya ce su sun daɗe, sun samu takardar zama.

Sai aka shiga muhawarar mulkin soja da na farar hula. Shi ya ce mu muna da zaɓe amma talaka bai ga abin da ya zaɓa a kwanonsa ba. Ni na ce aƙalla mu muna da ranar da za mu je mu huce haushi da kuri'a. Ya ce hucewar ta ƙare a layi. Na ce su ko layin ba su da shi. Maƙwabta suka rabu biyu, har wani Bafulatani da ya kawo wa Mushe nono ya ce shi dai wanda zai buɗe masa burtali shi ne gwamnati. Ba wanda ya ka da wani. Abin da muka yarda da shi baki ɗaya shi ne buhun shinkafa ya fi ƙarfinmu a can, ya fi ƙarfinmu a nan. Aka kira isha'i muka tashi.

Da safe Mushe da kansa ya raka ni Maraɗi, ya sa ni a mota, ya sa direba ya faɗi sunan garin har ƙarshe kafin ya sake ni.

Cadawa garin aya ne. Ban taɓa ganin aya tuli-tuli kamar yashin gini ba sai a can. Sanusi ya tarbe ni yana ƙoƙarin danne dariya, don labarin ɓatana ya riga ni zuwa. Wani mai aya ya cika mini hannu ya ce in ci, tana gyara dattijo ya koma ango. Na ce abin da na sani dai tana da mai da dusa mai gyara ciki. Ya ce, "To, ku a boko nan kuka tsaya." Na tauna busasshiya guda, ta sami haƙorina mai rami, na bi hanyar Agye har Gazawa hannuna a kunci. Daga Gazawa muka hau babur, yashi na jan tayar hagu da dama, ledar gishiri tana cikin rigata kamar laya.

Yaya Hajo tana zaune a kan tabarma ƙarƙashin rumfa, ta miƙe ƙafa. Na durƙusa na duba ƙafafun nan. Sun yi suntum, fatar tana sheƙi. Ta dube ni ta ce, "Hamisu, ka tsufa. Kuma an ce ka ɓace." Ta kama hannuna ta daɗe ba ta saki ba.

Abincin tarbata ɗanwake ne, wanda ya ji kanwa har ya yi duhu, ga yaji mai dunƙule a gefe. Na ce, "Yaya, ba an hana ki ba?"

"Gishiri aka hana ni, na kuwa bar shi. Tambayi Sanusi."

Sanusi ya ce gaskiya ne ta bar gishiri, amma ta ninka dunƙule, kuma kullum da safe sai ta sha kunun kanwa, wai yana wanke ciki. Na fara bayani. Na ce sodiyom, ta ce wa? Na ce yana riƙe ruwa a jiki, ta ce ai ruwa rahama ne. Na ɗauki tsinke zan zana a ƙasa, ta ce kada in ɓata mata tsakar gida. Can dabara ta zo mini.

"Yaya, kin san ɗan siyasar da yake jam'iyyar nan bana, baɗi ya koma waccan, ya sake hula ya sake riga?"

"Mun gan su da yawa kafin soja su zo."

"To haka yake. Wanda ke cikin gishiri, shi ne a cikin kanwa, shi ne a cikin dunƙule. Kin kore shi ta ƙofa, ya sake hula ya shigo ta taga."

Ta ce, "Munafuki." Na ji daɗi, na ɗauka na yi nasara. Sai ta jawo kwanon ɗanwaken ta ce tunda ya riga ya shigo yau, a bar shi ya kwana.

Washegari na ce ni zan yi miya da gishirina, don ta ga ana rayuwa ba kanwa ba dunƙule. Ban taɓa riƙe muciya ba a rayuwata, amma na ce wanda ya haɗa sinadarai a lab ba zai kasa kuɓewa ba. Matan gidan suka jeru suna kallo. Kuɓewar ta ƙi yauƙi, gishirin ya fito da ɗacinsa, hayaƙi ya sa ni hawaye. Yaya ta sa yatsa ta lasa, ta daɗe tana juya harshe.

"Hamisu, wannan ita za ta ƙara mini kwana?"

"In sha Allahu."

"To kwanan na mene ne?"

Ko awaki ba su sha miyar nan ba. Amma na samu ta yarda mu je likita, wato asibitinsu, wajen majo, babban ma'aikacin jinya na wurin. Mutum ne mai sanyin magana. Ya auna ta, ya nuna damuwa, ya tambaye ta ko tana shan ƙwayoyin da ya ba ta. Ta ce tana sha in kan ya matsa. Ya ce kullum ake sha, ko kai ya matsa ko bai matsa ba. Ni kuma na fito da ledata da alfahari na yi masa bayani. Ya ce tunanin mai kyau ne, amma da kumburin nan ba zai yarda ta ci fotasiyom ba sai an je Maraɗi an duba ƙodarta, don in ƙoda ta yi rauni gishirin nan ya fi na kasuwa haɗari. Na san haka, na ma koyar da makamancinsa, amma zumuɗi ya sa ban tuna ba. Ledar da ta kai ni buron jandarma ta koma aljihu.

Yaya ta ce, "Majo, shi ma ɗaura masa abin nan. Tun da ya zo yake huci."

Na ce lafiyata ƙalau. Majo ya ɗaura, ya matsa, ya duba. Ya kwance ya ce in huta, ya sake ɗaurawa. Sannan ya tambaye ni wane magani nake sha. Na ce ba na shan komai. Ya ce to daga yau zan fara, don nawa bai fi nata sauƙi da wani abin kirki ba.

Na jira dariyar Yaya. Na san ta, na ɗauka sai an ji ta a kasuwa. Ba ta yi ba. Muka fito muka kama hanyar gida a hankali, tana dafe da kafaɗata. Sai da muka kai gindin wata bishiyar bedi ta tsaya ta huta, ta ce, "Haka Baba ya yi. Yana cewa lafiyarsa ƙalau, da safe aka tarar ɓarin jikinsa ya shanye. Kai kana makaranta, ni na yi jinyarsa." Ta share ido da bakin mayafi. "Mu biyu muka rage, Hamisu. In ka bar gishiri da kanwa, na bari."

Na ce na bari.

Ta ce amma ita ba juyin mulki za ta yi wa kanwa ba, riƙon ƙwarya za a yi, a riƙa ragewa sannu a hankali. Na ce yaushe riƙon ƙwaryar zai ƙare? Ta ce ba a sa rana ba tukuna, ana tuntuɓar jama'a.

Sanusi ya kai ta Maraɗi kafin in taho, aka duba ƙodar, aka ce da sauƙi amma a kiyaye, aka sake mata magani. Ita ta koma murhu da kanta, tana ƙara daddawa da tafarnuwa da citta da ɗan tsami a inda dunƙule yake shiga da. Ba zan ce miyar ta kai ta da ba, amma ana cinye ta. Ranar da zan taho ƙafar ta saɓe har takalminta na roba ya shiga, ta rako ni bakin hanya da ƙafarta.

Dawowa ba abin da ya faru, na hau motar da ta dace, ba wanda ya buɗe jakata. Sai dai kafin in iso Katsina waya ta riga ni. Na tarar maiɗakina ta kwashe dunƙule da kanwa ta ba maƙwabta, ta ɓoye gwangwanin gishiri inda har yau ban gano ba. Na ce mata ai yarjejeniyar riƙon ƙwarya aka yi, sannu a hankali. Ta ce Yaya ta ce wannan tsarin na Nijar ne, ni a nan dokar ta fara aiki nan take.

Yanzu kowace safiya Yaya tana kira, ba wayata ba, wayar maiɗakina. Ina daga tabarma ina jin muryarta tana tambaya, "Ya sha ƙwayar? A gabanki ya haɗiye?" Sai an tabbatar mata, sannan ta ce a ba ni mu gaisa.